Wai Yaushe Za Ku Gama Ne? Rayuwar Ɗalibin Ajin Ƙarshe a Jami'o'inmu

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe a jami'ar gwamnati a Najeriya ya san tambayar da ke jiransa a gida idan ya je hutu: "Wai yaushe za ku gama ne?" Mahaifiya na yi, kawu na yi, mai gidan haya na yi, iyayen yarinyar da yake nema ma suna aiko da ita ta bakin 'yarsu. Yakan ce "in sha Allahu ƙarshen shekara," ya yi sauri ya sauya zance, don gaskiyar magana shi ma bai sani ba. Ya san ranar da aka ce za a fara jarrabawa, idan ba a ɗaga ba. Amma ranar da sakamako zai fito, da ranar da majalisar jami'a za ta amince da shi, da ranar da sunansa zai isa hukumar bautar ƙasa, babu ofishin da zai shiga a ba shi su a rubuce. Mutane kan ɗauka wahalar shekarar ƙarshe ita ce tsananin karatu ko ƙarancin kuɗi, kuma duka biyun akwai su. Sai dai a ganina abin da ya fi cin ɗalibi a wannan shekara shi ne rashin sanin lokaci, kuma kaso mai yawa na wannan matsala a cikin ofisoshin jami'ar kanta ake haifar da shi, inda gyaransa ba ya jiran biliyoyi daga Abuja.

A Samaru ko Kongo na ABU a Zariya, a sabon mazaunin Bayero da ke kan titin Gwarzo, a Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko jami'ar Maiduguri, ɗan ajin ƙarshe ya riga ya zama tsohon hannu. Ya san lakcaran da ke rufe ƙofa ƙarfe takwas daidai, ya san wanda sai shugaban aji ya kira shi a waya, ya san mai abincin da ke ba da bashi har ƙarshen wata. Lakcocinsa sun ragu a kan na aji biyu, amma kansa ya fi cika da lissafi. A yawancin jami'o'i da maki biyar ake auna digiri: daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, daga 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu. Wanda ya shigo shekarar yana kan 3.46 ba ya samun barcin da mai 3.10 ke samu. Na biyun ya riga ya fawwala wa Allah, na farkon kuwa yana hango tsallake, kuma ya san bankuna da manyan kamfanoni da yawa ba sa ko buɗe takardar wanda bai kai 3.50 ba. Za a tarar ya ja layuka a bayan littafinsa yana ƙidaya A nawa yake bukata a kwasa-kwasan da suka rage. Wannan fargaba ba ta da aibu. Irin wahalar da aka zo jami'a domin a sha ke nan, tana da ƙa'ida, kuma ɗalibi ya san abin da zai yi da hannunsa ya fita daga cikinta.

Inda abin ke fara kufce masa shi ne furojet, wato binciken da kowane ɗalibi zai rubuta ƙarƙashin kulawar malami guda kafin a ba shi digiri, babi biyar bisa al'ada. Zai kai batutuwa uku, a zaɓi ɗaya ko a watsar da duka. Zai rubuta babi na ɗaya, ya je shagon kwamfuta a buga masa, ya sa a fayil ya kai ofis. Daga nan sai zirga-zirga. Wanda ya tsaya a barandar kowane sashe a tsakiyar zango na biyu zai gan su jere a kan benci, wasu jingine da bango, kowa rungume da fayil ɗinsa, ana kallon ƙofa ɗaya da ke kulle. Wannan ya ce ya ga motar Malam a wajen ofishin shugaban tsangaya, wancan ya ce ai ya tafi taro sai Litinin. Idan Allah ya sa aka karɓo fayil, jan biro ya bi kowane shafi, sai a koma shago a gyara a sake bugawa, kowane shafi da kuɗinsa, in babu wuta kuma a ƙara na janareta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, takarda da tawada da kuɗin mota duk suka ɗaga. Naira dubu 20 da asusun rancen ɗalibai na NELFUND ke ba wanda ya dace a wata, ita ce ta ci, ita ce ta mota, ita ce kuma ta bugun babi na huɗu karo na uku. Jan biron kansa ba abin kuka ba ne, shi ne ma koyarwar. Abin da ke kashe jiki shi ne babu wanda ya faɗa wa ɗalibi ko fayil ɗin mako ɗaya zai yi a kan teburi ko wata biyu, kuma ba shi da inda zai kai kukansa hankali kwance, tunda wanda zai kai ƙara shi ne mai ba shi maki.

Ranar da aka rubuta takardar ƙarshe ana sa farar riga, abokai su bi ta da maka suna rattaba hannu, a ɗauki hotuna a watsa a WhatsApp, 'yan uwa su fara barka. Daga wannan rana zuwa ranar da mutum zai taka sansanin bautar ƙasa akwai tafiyar da mutanen gida ba su san tsawonta ba. Malamai su duba takardu, jami'in jarrabawa na sashe ya haɗa maki, sashe ya zauna, tsangaya ta zauna, sannan majalisar jami'a ta amince. Sakamakon kwas ɗaya da ya ɓace, ko malami ɗaya da bai miƙa maki ba, yana iya riƙe aji guda. Bayan nan sai kiliyarans: takarda ɗaya da za a yi ta yawo da ita, ɗakin karatu a buga hatimin cewa ba a riƙe littafi ba, ofishin kuɗi a nuna rasit na kowace shekara tun daga aji ɗaya, asibitin makaranta, ofishin kula da harkokin ɗalibai. Wanda rasit ɗinsa na aji biyu ya salwanta wajen ƙaura daga ɗaki zuwa ɗaki ya shiga uku, alhali ta intanet ya biya kuɗin kuma shaidar na nan a kwamfutar jami'ar. Sai kuma JAMB. Idan sunan mutum ba ya cikin jerin waɗanda hukumar ta san da shigarsu jami'a, ko kwas ɗin da ke takardarta ya saɓa da wanda ya karanta, ko an rubuta Muhammad a nan Mohammed a can, to sai an bi an daidaita kafin a tura shi. Ita kuma hukumar bautar ƙasa, NYSC, rukuni-rukuni take ɗauka, A da B da C, kowanne kuma a kasa shi. Wanda jami'arsa ta makara wajen aika sunaye ya rasa rukuni ke nan, sai na gaba. Ta haka wanda ya ajiye biro a watan Nuwamba kan ga damina ta sauka yana zaune a gida, shi ba ɗalibi ba, shi ba ma'aikaci ba. Ba shi ma da ikon neman aiki da digirinsa, domin doka ta ɗora wa masu ɗaukar aiki su nemi shaidar bautar ƙasa ko takardar yafewa daga mai digiri.

A kan wannan jinkiri na yau da gobe ne yajin aiki ke zuwa ya zauna daram. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ajiye alli daga Yuli zuwa Disamba a 2013. A 2020 ta yi daga Maris zuwa Disamba, wata tara, abin ya haɗu da kullen korona. A 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kuma sai da kotun ma'aikata ta ba da umarni kafin a koma. Na 2020 da na 2022 kaɗai wata 17 ke nan cikin shekara uku. Da yawa daga waɗanda suka shiga a 2018 don digirin shekara huɗu sai a 2023 ko 2024 suka fita, balle masu karatun lauya da injiniya da ke yin biyar, ko likitanci da ke yin shida. Da aka dawo kuma jami'o'i suka matse zanguna don su cike gurbi, sai binciken da ya kamata a yi a tsanake aka yi shi a guje.

Ana yawan lissafa wannan asara da watanni, amma da shekarun haihuwa ake biyanta. Shirin bautar ƙasa, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ba ya ɗaukar wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala, takardar yafewa ake ba shi. Wani zai ce ai an hutasshe shi. To, alawus ɗin ɗan bautar ƙasa ya tashi daga naira dubu 33 zuwa dubu 77 a wata, wato naira dubu 924 a shekara, kuma ga ɗan talaka wannan ne jari mafi girma da zai taɓa riƙewa kafin ya samu aiki, ban da shekara guda ta gogewa da sanin mutane. Sannan tallan ɗaukar sababbin masu digiri a bankuna da kamfanoni sau da yawa yakan ce kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. A nan ne abin ya fi yi wa ɗan Arewa illa, don da yawan 'ya'yanmu ba kai tsaye suke wucewa jami'a daga sakandare ba. Wani ya zauna JAMB sau biyu ko uku, wani ya bi ta IJMB ko makarantar share fage ta Funtuwa, wani sai da ya yi NCE ko difloma tukuna, wani kuma ya yi shekaru yana haɗa kuɗin rajista a kasuwa. Wanda ya shiga yana da 22, in abubuwa sun tafi daidai zai fita yana da 26, yana bakin ƙofa. A ƙara masa shekara biyu na yaji da wata takwas na jiran sakamako da shekarar bautar ƙasa, ƙofar ta rufe tun kafin ya iso. Tsaransa a takarda, wanda iyayensa suka iya kai shi jami'a mai zaman kanta yana ɗan 16 ko 17, ya gama yana da 21 kuma tun ranar da ya shiga ya san watan da zai fita. Kuɗin makarantar da iyayen wancan suka biya, rabinsa ma wannan tabbaci suka saya da shi.

Akwai kuma ƙananan asarori da ba sa shiga jarida. Mai gidan haya a unguwannin kusa da jami'a irin su Ɗanbare ko Hayin Dogo kuɗin shekara yake karɓa, ba ruwansa da ko an yi karatu a shekarar. Ɗalibin da hayarsa ta ƙare saura masa kare furojet da kiliyarans, ko dai ya sake biyan shekara guda domin mako shida, ko ya raɓe a ɗakin ƙanensa na aji biyu, ko ya riƙa zuwa daga garinsu kowace Litinin a ce masa ya dawo Alhamis. Ga 'yan mata abin ya fi sarƙaƙiya. Gidaje da yawa sukan yarda a jira yarinya ta gama kafin a sa rana, kuma wannan alheri ne da ya kamata a riƙe da kyau. Amma uba ba zai yi ta ba dangin miji haƙuri a kan ranar da shi ma bai sani ba. Idan aka gaji aka yi bikin, sai a ga ɗaliba na biyo mota daga wani gari da tsohon ciki don ta karɓi gyaran babi na uku. Auren ba shi ya jawo mata wannan ba, da an ce wa iyayenta watan Satumba kuma Satumban ta tabbata, da kowa ya tsara lamarinsa.

Hujja mafi ƙarfi da masu kare tsarin ke kawowa ita ce tantancewa na bukatar lokaci, kuma gaggawa ce ke buɗe ƙofar digirin bogi. Ba maganar banza ba ce. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo a watan Janairun 2024. Babu mai hankalin da zai so digirin ABU ko Bayero ya zama haka. Sai dai a lura, wannan takarda ta bogi ta ratsa ofisoshin da ke riƙe ɗalibin gaskiya watanni ba tare da an tare ta ba, wanda ke nuna daɗewar fayil a kan teburi ba ita ce tsaro ba. Kuma ba wanda ya ce a duba maki a kwana uku. Idan wata huɗu aikin ke ci, a ce wata huɗu, a rubuta, a cika. Telan da ya ce maka ɗinkinka sai bayan wata guda ya fi maka wanda ke cewa gobe, gobe, har Sallah ta wuce, ko da kuwa na biyun ya riga na farkon gamawa.

Wasu kuma sukan ce ɗaliban ne da kansu ke jawo wa kansu: sai zango ya kusa ƙarewa suke tuna furojet, wasu su kwafo na bara su sauya sunan gari, wasu su biya a rubuta musu, yanzu ma ga manhajojin da ke rubutu a waya. Wasu na ɗauke da kwas ɗin da suka faɗi tun aji biyu. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya faɗi kwas ya ƙara shekara ba shi da wanda zai zarga. Amma wannan ɗalibi ya san dalilin jinkirinsa kuma ya san iyakarsa. Maganar a nan ta wanda ya ci komai ce, ya miƙa komai a kan lokaci, kuma yake zaune tare da wanda bai miƙa ba. Har ma ana iya cewa rashin tsayayyar rana na cikin abin da ke raya kasuwar furojet ɗin saye. Ɗalibin da aka riƙe masa babi na ɗaya wata biyu, sannan aka sanar cewa mai jarrabawa daga wata jami'a zai iso nan da mako uku, an tura shi ne kai tsaye wurin mai shagon da ke da tsofaffin ayyuka a kwamfutarsa.

Malamai ma suna da tasu hujjar, kuma rashin adalci ne a tsallake ta. Lakcara ɗaya yakan riƙe ɗaliban furojet da yawa fiye da kima, ga masu digiri na biyu da na uku, ga aji mai ɗaruruwan mutane da zai duba takardunsu da hannu, ga albashin da hauhawar farashi ya cinye. Kuma asusun TETFund, wanda sunansa ke jikin kusan kowane sabon gini a jami'o'inmu, asalinsa daga harajin ilimi ne da aka kafa a 1993 bayan gwagwarmayar ASUU ta 1992. Yarjejeniyar 2009 da aka yi ta yaji a kanta, gwamnatoci ne suka sa hannu suka ƙi cikawa. Duk da haka, yawan aiki dalili ne na a tsara lokaci, a ce kowane babi yana da mako uku a hannun malami maimakon ɗaya, a raba ɗalibai daidai tsakanin malamai, a ba shugaban sashe ikon sauya wa ɗalibi mai kula da shi idan wa'adi ya wuce. Malamin da ke yajin aiki domin gwamnati ta saɓa masa alkawarin lokaci shi ya fi kowa sanin ciwon abin.

Sai shawarar da dattawa suka fi bayarwa: mutum ya yi haƙuri, ya koyi sana'a kafin a kira shi. Shawara ce mai kyau, kuma da yawa suna bi, ana ganinsu a kasuwar waya ta Farm Centre da shagunan ɗinki da koyarwa a makarantun unguwa. Amma sana'a ma lokaci take so. Maigidan da zai koya maka gyaran sola ko aikin aluminiyum zai tambaye ka wata nawa za ka yi masa, mai makarantar firamare zai so ya san ko za ka kai ƙarshen zango. Wanda amsarsa ita ce "ya danganta da lokacin da sunanmu ya fito" ba a ba shi amanar aiki mai nauyi, don haka sai ya ƙare a ɗan abin da za a iya ajiyewa ko yaushe, rajistar layin waya ko tsaron shagon yayansa. Wata shida da aka san wata shida ne, ana iya koyon abu a cikinsu. Wata shida da ake duba shafin NYSC kowace safiya ba sa haifar da komai sai cin data.

Abin mamaki, jami'o'inmu sun iya tsayar da rana sarai idan ɗalibi za ta ɗaure. Kowace shekara majalisar jami'a kan fitar da jadawalin karatu: ranar buɗe rajista, ranar rufe ta, ranar da tarar makara za ta fara, ranar fara jarrabawa. Wanda ya makara da biyan kuɗi shafin ya rufe masa, ba roƙo ba magiya. Wannan jadawali ɗin ne ya kamata a ƙara wa layi kaɗan da za su ɗaure jami'ar ita ma: ranar ƙarshe da malami zai miƙa maki, ranar da majalisa za ta zauna kan sakamakon 'yan ajin ƙarshe, da rukunin bautar ƙasar da aka nufa da su. Kiliyarans kuwa, tunda ofishin kuɗi da ɗakin karatu da asibiti duk suna da bayanansu, a fara shi tun zango na ɗaya na shekarar ƙarshe, lokacin da ɗalibi ke nan cikin makaranta da sauran hayarsa, a kuma duba sunansa da na JAMB tun yana aji ɗaya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sa hannun minista, zaman majalisar jami'a ɗaya da shugaba mai bibiya sun isa a fara su a zangon da ke tafe.